Rayuwar baƙo a Kuala Lumpur: Sauƙin da ake gani da tsadar da ke ɓoye

Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, na daga cikin biranen Kudu maso Gabashin Asiya da ’yan Najeriya suka fi sani. Shekara da shekaru ke nan malaman jami’o’i da na kwalejoji, musamman daga Arewa, suna tafiya can neman digiri na biyu da na uku, wasu a shekarun baya da tallafin asusun TETFund, wasu da kuɗin aljihunsu. Akwai kuma ’yan kasuwa da ƙwararrun ma’aikata da kamfanoni suka ɗauka aiki.

Abin da ke jan hankalinsu a bayyane yake. Wutar lantarki ba ta ɗaukewa sai da wani babban dalili, jiragen ƙasa suna ratsa birnin ta kowace kusurwa, abincin halal yana ko’ina, ana jin kiran salla a unguwanni, kuma mutum zai iya biyan yawancin buƙatunsa da Ingilishi. Birnin kansa yana da mutum kimanin miliyan 2, amma idan aka haɗa da garuruwan jihar Selangor da suka kewaye shi, irin su Petaling Jaya da Shah Alam da Kajang, adadin ya haura miliyan 7.

Sai dai wannan sauƙi yana da sharaɗi biyu da baƙo ba ya saurin gane su. Na farko, duk wata hulɗa ta yau da kullum, daga kama haya zuwa buɗe asusun banki, tana rataye ne da izinin zaman da aka liƙa a fasfonsa. Na biyu, abubuwa da dama suna da farashi biyu, ɗaya na ɗan ƙasa, ɗaya na baƙo. Wanda ya yi lissafin guzurinsa da abin da ɗan ƙasa ke biya, zai tarar da giɓi tun kafin ya cika wata uku.

Takardar da komai ke rataye da ita

Ɗan Najeriya ba ya shiga Malesiya sai da biza, kuma sai da katin shaidar rigakafin cutar shawara. Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga Najeriya zuwa can, don haka ana ya da zango ne a birane irin su Doha ko Addis Ababa ko Istanbul. Tun daga farkon 2024 kuma an wajabta wa baƙi cike fam ɗin isowa ta intanet, wanda ake kira MDAC, a cikin kwana uku kafin sauka.

Ɗalibi yana bin hanyarsa ne ta wata hukuma mai suna EMGS, wadda ke ƙarƙashin ma’aikatar ilimi mai zurfi. Ita ce ke tantance takardu, sannan hukumar shige da fice ta fitar da wasiƙar amincewa, wadda da ita ake zuwa ofishin jakadancin Malesiya da ke Abuja a karɓi bizar shiga sau ɗaya. Wannan biza ƙofa kawai take buɗewa. Bayan sauka, sai an yi gwajin lafiya a asibitin da hukumar ta amince da shi a cikin mako na farko, sannan makaranta ta miƙa fasfo a liƙa masa izinin zama na ɗalibi.

Izinin ɗaure yake da sunan makarantar da ta nema. Wanda ya so canza makaranta sai an soke na farko an nemi sabo. Sabuntawa kuma tana da nata sharuɗɗan: a al’ada ana duba cewa ɗalibi ya halarci aƙalla kashi 80 cikin 100 na darussa, kuma sakamakonsa bai faɗi ƙasa da mizanin da aka gindaya ba. Da yake aikin yakan ɗauki makonni, makarantu suna buƙatar a kawo fasfo wata biyu ko uku kafin wa’adi ya cika. Wanda ya yi jinkiri yakan koma kan izinin wucin-gadi na kwana 30 wanda ake biya, wanda kuwa ya bari wa’adin ya wuce ɗungurungum ya faɗa cikin laifi. Dokar shige da fice ta ƙasar ta tanadi tara mai nauyi ko ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko duka biyu, ga wanda ya zarce wa’adinsa, ban da kora da hana dawowa.

Mutane da yawa suna tafiya da tunanin za su haɗa karatu da aiki kamar yadda ake yi a Birtaniya. Dokar Malesiya ta ƙuntata wannan ƙwarai. An yarda ɗalibi ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba, a lokacin hutu kaɗai, a wurare ƙididdigaggu kamar gidan abinci da gidan mai da ƙaramin kanti da otal, kuma sai ya sami izini tukuna. Saboda haka duk dillalin da ya yi wa matashi alƙawarin cewa aikin da zai samu a can ne zai biya masa kuɗin makaranta, yaudararsa yake yi.

Ma’aikaci kuma kamfanin da ya ɗauke shi ne ke nema masa izinin aiki, wanda aka kasa rukuni uku gwargwadon albashi. Rukunin da mutum ya faɗa shi ke nuna tsawon wa’adinsa da kuma ko zai iya kawo iyalinsa. Ranar da aiki ya ƙare, izinin ma ya ƙare. Wanda ya shiga da bizar ziyara ba shi da ikon yin aiki ko kaɗan.

Jami’an shige da fice suna kai samame a rukunin gidaje da wuraren cin abinci, kuma ’yan Afirka sun daɗe suna kokawa da cewa an fi tare su. A watan Yulin 2019 wani ɗan Najeriya mai karatun digiri na uku ya rasu a wurin tsare baƙin haure na Bukit Jalil, kwanaki kaɗan bayan an kama shi a wani samame, duk da cewa izinin zamansa na ɗalibi bai ƙare ba. Lamarin ya jawo zanga-zanga a gaban ofishin jakadancin Najeriya da ke birnin. Darasin da mazauna suka ɗauka shi ne kada mutum ya fita ko nan da bakin titi ba tare da fasfo ko katin shaidar baƙi da ake kira i-Kad ba. Idan fasfon yana hannun makaranta don sabuntawa, sai ya riƙe kwafinsa da wasiƙar makarantar mai hatimi, da lambar wayar jami’in da ke kula da ɗalibai baƙi.

Kama haya

A Kano ko Abuja mai gida yakan buƙaci kuɗin shekara guda a dunƙule. A Kuala Lumpur wata-wata ake biya, amma kuɗin shiga yana da nauyi. Abin da aka saba shi ne mai haya ya ajiye kuɗin wata biyu a matsayin jingina, ya biya wata ɗaya na farko, ya ƙara rabin wata na jinginar wuta da ruwa. Ke nan gidan da ake haya kan Ringgit 1,500 a wata yana buƙatar Ringgit 5,250 kafin a miƙa makulli, ban da kuɗin rubuta yarjejeniya da na katin shiga ƙofa.

Yarjejeniyar yawanci ta shekara ɗaya ce, kuma ana kai ta hukumar tara haraji ta ƙasar, LHDN, a buga mata hatimi. Wannan hatimi yana da muhimmanci domin takardar da ba ta da shi ba ta da ƙarfi a gaban kotu sai an biya tara, kuma banki ko hukumar shige da fice na iya neman ta a matsayin shaidar adireshi. Wanda ya tashi kafin wa’adi yakan yi asarar jinginarsa. Shi ya sa ma’aikatan da suka san gari suke neman a saka musu sharaɗin da zai ba su damar fita ba tare da asara ba idan aka soke izininsu ko aka yi musu canjin wurin aiki. Rigimar da ta fi yawa tsakanin baƙo da mai gida ita ce ta mayar da jingina, don haka ɗaukar hoton kowane ɗaki da kowane kaya a ranar shiga yana raba gardama a ranar fita.

Yawancin baƙi suna zama ne a dogayen benaye masu gidaje da yawa, da masu gadi a ƙofa, da lifta, wasu har da wurin ninƙaya. Ana samun gida da kayan ɗaki cikakku, ko da rabi, ko wayam. Unguwa ita ke yanka farashi. Mont Kiara da Bangsar da kewayen tagwayen benayen Petronas na masu manyan albashi ne, Ampang kuma unguwar ofisoshin jakadanci ce. Ɗalibai sun fi taruwa kusa da makarantunsu: Gombak da Setapak ga masu karatu a Jami’ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, Serdang da Seri Kembangan ga na Jami’ar Putra, Bangi da Kajang ga na Jami’ar Kebangsaan, sai kuma Cyberjaya. Haɗa kuɗi a kama gida mai ɗaki uku a raba shi ne ya fi yawa a tsakaninsu.

Akwai wata matsala da ba ta cikin kowace yarjejeniya. Wasu masu gidaje ba sa ba ɗan Afirka haya, kuma dillalai sukan tambayi ƙasar mutum da launin fatarsa tun a saƙon farko. A 2013 mazauna wani rukunin gidaje a Petaling Jaya sun kaɗa ƙuri’ar hana ’yan Afirka haya, abin da jaridun ƙasar suka yi ta tattaunawa a kai. Wannan ƙyama tana da nasaba da labaran damfara ta intanet da safarar ƙwaya da ake dangantawa da wasu tsiraru, amma na kirki ne ke ɗanɗana kuɗarta. Hanyar da ta fi ɓullewa ita ce neman gida ta hannun makaranta ko kamfani, ko gadon gida daga wani ɗan uwa da ya kammala karatu wanda mai gidan ya ji daɗin zama da shi. Kada kuma a tura jingina daga Najeriya kan gidan da aka gani a hoto kawai.

Kamfanin TNB ne ke ba da wuta, kuma kan soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, don haka kayan lantarkin da aka zo da su daga gida suna aiki ba tare da wani mahaɗi ba. Na’urar sanyaya ɗaki ce ke cinye kuɗin wuta. Ruwan famfo tsaftatacce ne, amma yawancin gidaje suna tace shi ko su tafasa kafin sha, kuma akan ɗauke shi na kwanaki idan aka gurɓata kogunan da ake jan sa, kamar yadda ya faru da gidaje sama da miliyan ɗaya a Satumban 2020.

Farashin ɗan ƙasa da farashin baƙo

A asibitin gwamnati ɗan Malesiya yana ganin likita da Ringgit 1, ƙwararren likita kuma da Ringgit 5. Baƙo yana biyan Ringgit 40 da Ringgit 120 a kan wannan ganin, kuma idan za a kwantar da shi sai ya ajiye kuɗi mai yawa tukuna. Asibitoci masu zaman kansu suna da inganci har mutane na zuwa daga ƙasashen waje neman magani, amma tsadarsu ta fi haka nesa, kuma tun 1 ga Yulin 2025 an ɗora harajin kashi 6 cikin 100 a kan hidimar da suke yi wa waɗanda ba ’yan ƙasa ba. Inshorar lafiya dole ce ga ɗalibi, sai dai tana da iyaka, kuma galibi ba ta ɗaukar nauyin haihuwa. Magidancin da zai tafi da matarsa ya kamata ya ware wannan kuɗi daban.

Ɗan da baƙi suka haifa a Malesiya ba ya zama ɗan ƙasa. Sai an yi masa rajistar haihuwa a hukumar rajista ta ƙasa, a nemo masa fasfo a ofishin jakadancin Najeriya, sannan a nema masa nasa izinin zaman. Makarantun gwamnati kuma ba a buɗe suke ga ’ya’yan kowane baƙo ba, abin da ke tura iyaye zuwa makarantun kuɗi, waɗanda sukan fi kuɗin haya cin aljihu.

Haka abin yake a sauran fannoni. Katin wata na My50, wanda ke ba mutum damar hawa jirage da motocin bas na birni iya son ransa kan Ringgit 50, na ’yan ƙasa ne kaɗai. Motocin GoKL da a da kowa ke hawa kyauta, tun 2024 baƙo yana biya. Daga ƙarshen Satumban 2025 tallafin man fetur samfurin RON95 ma ya koma na ’yan ƙasa, baƙo yana saye a farashin da ba tallafi. Hatta a gidan namun daji da wuraren yawon buɗe ido, allon farashi yakan zo da layi biyu.

Ta fuskar haraji, ma’aunin shi ne kwana 182. Ma’aikacin da bai cika waɗannan kwanaki a ƙasar ba ana ɗaukar sa a matsayin wanda ba mazauni ba, ana cire masa kashi 30 cikin 100 na albashinsa ba tare da wani rangwame ba. Idan ya cika, sai ya koma tsarin mazauna mai hawa-hawa, kuma zai iya neman a mayar masa da rarar da aka cira. Wanda ya fara aiki bai san da wannan ba yakan sha mamaki a albashinsa na farko. A lokacin barin ƙasa kuma kamfani yana riƙe haƙƙoƙinsa na ƙarshe har sai hukumar haraji ta ba da takardar wanke shi.

Buɗe asusu a bankuna irin su Maybank da CIMB da Bank Islam yana buƙatar fasfo mai ɗauke da izinin zama da wasiƙar makaranta ko ta wurin aiki, wato mutum zai yi makonnin farko ba shi da asusu. Bayan ya samu, rayuwa tana sauƙi, domin hatta mai sayar da shayi a bakin titi yana karɓar kuɗi ta waya da tsarin DuitNow. Layin waya ana yin rajistarsa ne da fasfo. Ga wanda kuɗinsa ke zuwa daga gida, babban haɗarin shi ne faɗuwar Naira, kamar yadda ɗalibai suka gani bayan an saki farashinta a Yunin 2023, lokacin da kuɗin da aka ware na shekara ya kasa kai wasu rabin shekara.

Zirga-zirga

Filin jirgin saman KLIA yana Sepang, tafiyar kusan awa ɗaya a mota daga tsakiyar birni. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana kai mutum babbar tashar KL Sentral a cikin kimanin rabin awa kan Ringgit 55, motar bas kuma ta fi araha sosai. Daga wannan tasha layukan dogo suke rarrabuwa: na LRT, wanda ɗaya daga cikinsu ke ƙarewa a Gombak, da na MRT na Kajang, da jirgin Monorail mai bin saman titunan tsakiyar gari, da KTM Komuter mai zuwa garuruwan kewaye. Layin MRT na Putrajaya, wanda aka kammala buɗewa a Maris ɗin 2023, ya sauƙaƙa wa mazauna Serdang da Cyberjaya shiga gari. A wasu jiragen akwai taragon da aka keɓe wa mata zalla.

Makullin wannan duka shi ne katin Touch ’n Go, wanda ake loda masa kuɗi a biya jirgi da bas da kuɗin fakin da na ƙofofin manyan hanyoyi. Inda jirgi bai kai ba, manhajar Grab ce ke aiki, tun bayan da ta haɗiye harkar Uber a yankin a 2018. Farashinta yana tashi da zarar hadari ya haɗu ko an tashi daga aiki.

Mai son tuƙi ya tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi, tsarin da Najeriya ta bari tun 1972, kuma sitiyari yana dama. Manyan hanyoyi suna da kyau amma kusan duka na biya ne, cunkoson safe da na yamma kuwa yana iya mayar da tafiyar minti 20 ta zama ta awa ɗaya da rabi. Babura suna kutsawa tsakanin motoci, kuma ɓarayi masu fizgen jaka a kan babur sanannu ne, shi ya sa ake riƙe jaka a ɓangaren da ba ya kallon titi. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 999.

Ƙasar da ba ta da rani

Wanda ya taso a ƙasar Hausa ya saba da rani da damina da hunturu. A Kuala Lumpur zafi yana kaiwa da komowa ne tsakanin maki 23 zuwa 33 duk shekara, tare da laima mai sa gumi ya ƙi bushewa. Ruwan sama ba ya yankewa, yakan sauko da la’asar da tsawa mai ƙarfi, ya fi yawa a wajajen Maris da Afrilu da kuma Oktoba zuwa Disamba. Kaya da takalma da littattafai suna yin fumfuna idan ɗaki ba ya samun iska.

Sunan birnin ma yana nufin mahaɗar ruwa mai laka, domin an kafa shi ne a inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, lokacin da masu haƙar kuza suka sauka a wurin a wajajen 1857. Ambaliya tsohuwar matsalarsa ce. A 2007 aka buɗe ramin SMART mai tsawon kilomita 9.7, wanda motoci ke bi a ranakun da ba ruwa, a rufe shi ya zama magudana idan kogi ya cika. Duk da haka ambaliyar Disamban 2021 ta halaka mutane da dama ta kuma shanye unguwanni a Shah Alam. Tambayar ko unguwa tana ambaliya tana cikin abin da ake yi kafin a sa hannu a yarjejeniyar haya.

Zazzaɓin cizon sauro irin na gida ba shi ne abin tsoro a birnin ba, zazzaɓin dengi ne, wanda sauro mai cizo da rana ke yaɗawa. Kuskuren da baƙo daga Najeriya ke yi shi ne ya ɗauka maleriya ce ya sha maganin da ya zo da shi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da ciwon bayan ido yana buƙatar gwajin jini a asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. A wasu shekarun kuma hayaƙin gobarar daji daga tsibirin Sumatra na Indonesiya yana lulluɓe birnin kamar hazon hunturu, har a rufe makarantu, kamar yadda aka yi a 2015 da 2019.

Abinci da ibada

Musulmi su ne kimanin kashi 63 cikin 100 na al’ummar Malesiya, amma a cikin Kuala Lumpur ba su kai rabi ba, saboda yawan ’yan asalin Sin da na Indiya. Don haka ba kowane gidan abinci ne na halal ba. Abin dubawa shi ne tambarin hukumar JAKIM, kuma manyan kantuna suna ware naman alade da giya a wani sashe na daban mai alama. Abincin gari shinkafa ce safe da rana da dare, daga nasi lemak da ake dafawa da madarar kwakwa zuwa nasi campur, inda mutum ke zaɓar miya da nama a biya gwargwadon abin da ya ɗiba. Shagunan mamak na Musulmi ’yan asalin Indiya, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, su ne matattarar ɗalibai saboda arahar gurasar roti canai da shayin teh tarik.

Mai kewar tuwo ba zai rasa yadda zai yi ba. A kasuwar Chow Kit ana samun kuɓewa da rogo da dankali da gyaɗa da kifi da naman halal. A shagunan Indiyawa na Brickfields ana samun gero da garin samo da zogale da tsamiya. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa daga gida ake zuwa da su, ko a saya da tsada a ’yan shagunan ’yan Afirka.

Wurin salla ba ya wuya. Kusan kowane babban kanti da gidan mai da tashar jirgi yana da ɗakin salla da ake kira surau, da wurin alwala na maza da na mata. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne lokutan. Tun 1982 agogon yankin ya yi gaba da rana, saboda haka gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe 7, Azahar tana shiga bayan ƙarfe 1, Magariba kuma bayan ƙarfe 7 na yamma. Agogon yana gaban na Najeriya da awa 7, wato lokacin da ake sallar Asuba a Kano, a can an doshi Azahar.

Mazhabar Shafi’iyya ake bi, don haka wanda ya taso a Malikiyya zai ji liman yana bayyana Bisimilla, yana kuma yin alƙunutun Asuba a bayyane bayan ruku’u, mamu suna ɗaga hannu suna amsawa. Addini yana ƙarƙashin kulawar hukuma sosai. Karantar da addini ko wa’azi a bainar jama’a ba tare da takardar izini da ake kira tauliah ba laifi ne, komai ilimin mutum, kuma wannan ya shafi malamin da ya saba a gida duk inda ya zauna ya buɗe littafi. Keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, da cin abinci a fili da rana a watan azumi, laifuka ne da kotunan shari’a ke hukunta Musulmi a kansu, baƙo ko ɗan gari. Aure ma ba a ɗaura shi a zaure tsakanin abokai, sai an bi ta hukumar addini.

Harshe, ladabi da iyakoki

Harshen Malay ya ari kalmomi da yawa daga Larabci kamar yadda Hausa ta ara, har Bahaushe yakan tsinci kansa a ciki. Ranakun mako su ne Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu da Ahad. Duniya ita ce dunia, labari khabar, sabulu sabun. Suna ma da rubutunsu na haruffan Larabci mai suna Jawi, takwaran Ajami, wanda ake gani a allunan tituna. Baƙon da ya iya cewa terima kasih, wato na gode, ya kuma san kiran dattijo Pakcik da dattijuwa Makcik, yakan ga fuska ta sake.

Mutanen ƙasar ba sa son ɗaga murya. Muhawarar da ’yan Najeriya ke yi da ƙarfi cikin raha, maƙwabci yana iya ɗaukar ta faɗa ya kira masu gadi, kuma ƙarar hayaniya da dare na cikin abin da ke sa a ƙi sabunta wa mutum haya. Ana cire takalmi kafin shiga gida, ana miƙa abu da hannun dama, ana nuni da babban yatsa maimakon manuniya. A lokacin ƙaramar Salla, wadda suke kira Hari Raya, birnin yana yin wayam saboda mutane sun tafi garuruwansu, waɗanda suka rage kuma suna buɗe gidajensu ga kowa, har da baƙo.

Akwai batutuwa uku da doka ke sa wa ido ƙwarai: ƙabila da addini da sarauta. Ƙasar tana da sarakuna tara da ke karɓa-karɓar kujerar sarkin ƙasa duk shekara 5, kuma tun Janairun 2024 Sultan Ibrahim na Johor ne ke kai. Rubutu ɗaya a Facebook da aka ga ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kai mutum gaban kotu, baƙo kuma ya rasa izininsa. Shiga siyasar ƙasar ko zanga-zangarta ma haka ne.

Mafi tsanani shi ne batun ƙwaya. Ƙarƙashin dokar 1952, wanda aka samu da giram 200 na tabar wiwi ko giram 15 na hiroyin ana ɗaukar sa mai safara ne har sai ya tabbatar da akasin haka. A 2023 an soke wajabcin hukuncin kisa, amma alƙali yana da ikon yanke shi, ko ya yanke ɗaurin shekara 30 zuwa 40 tare da bulala. Al’adar karɓar saƙo a filin jirgi don a kai wa wani, wadda a gida taimako ce, a wannan hanya tana iya cinye rayuwar mutum. Duk ƙunshin da matafiyi bai buɗe ya gani da idonsa ba, kada ya shiga jakarsa.

Fita ma tana da ƙa’ida kamar shiga. Ɗalibin da ya kammala sai makaranta ta kai fasfonsa an taƙaita izininsa zuwa ranar da ke kan tikitinsa, ma’aikaci kuma sai an soke nasa a hukumance. Wanda ya tafi bai yi haka ba yana iya samun cikas ranar da ya so dawowa, ko da bikin yaye ɗalibai ne ya kawo shi. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, kuma a birni irin wannan tambayoyin da suka fi amfani su ne waɗanda aka yi tun ana gida: yaushe izinin zai ƙare, wa ke da alhakin sabunta shi, kuma nawa baƙo ke biya.